Injiniya Munzali da Awarwaron Gwaggo Barira

A unguwar Fadikpe ta Minna, in ka ji mutum yana ba da labarin abin da bai taɓa yi ba da muryar wanda ya gaji da yin sa, ba sai ka waiwaya ba, Munzali ne. Ya yi gyaran agogo, agogunan unguwa suka tsaya cik. Ya yi kiwon kifi a bayan gida, kifin ya mutu, ya ce ruwan Minna ne bai karɓe shi ba. Sai wata shekara ya tafi Bida sayar da katin waya, aka yi dace teburinsa yana bakin rumfar maƙeran fari, masu ƙera zobba da awarwaro. Kallo kawai ya yi, ko zugazugi ba a taɓa miƙa masa ba. Amma da ya dawo sai ya share shagon da ke jikin gidansu, ya sayo awartaki da 'yar guduma da kaskon narka ƙarfe, ya sa aka rubuta masa allo da jan fenti: INJINIYA MUNZALI, MAƘERIN AZURFA DA ZINARIYA, BIDA DA DUBAI.

Maƙwabcinsa Ndako tela, mutumin Bida ne, bakinsa kuwa ya fi almakashinsa kaifi. Ya tsaya gaban allon ya karanta shi a hankali.

"Injiniya, Bida dai na san shi, garinmu ne. Dubai kuma yaushe ka je?"

"Ba sai na je ba," in ji Munzali. "Kayana ne za su je."

Allo ya sha rana ya sha ruwa, ba wadda ta kawo ko ɗan kunne guda. Munzali ya ce matan Minna ne ba su waye ba tukuna.

Ana nan sai Na'ima, ƙanwar matarsa Lailatu, ta haihu a Tudun Fulani, haihuwar fari. Su dangin Lailatu suna da wani awarwaro na tsohuwar azurfa mai zanen ganye, wanda kakarsu Inna ta zo da shi tun zamanin da mijinta ke aikin jirgin ƙasa. Duk 'yar gidan da ta yi haihuwar fari, ranar suna babbar dangi takan saki awarwaron a kan dutsen niƙa, ya yi wani amo siriri mai tsawo, a ce jariri ya ji muryar Inna. Daga nan a sa wa mai jego a hannu, ya zauna wurinta har wata ta haihu. Lailatu ma ta sa shi lokacin da ta haifi 'yarsu Farida. Yanzu yana hannun Gwaggo Barira, ƙanwar babansu, tsohuwar da ba ta ɗaga murya, ba ta kuma maimaita magana.

Matsalar guda ce, hannun Na'ima ya fi na kowa kauri. Gwaggo ta naɗe awarwaron a ƙyalle ta ba Lailatu, ta ce ta kai wa maƙeran da ke tsohuwar kasuwa su ɗan buɗe shi, faɗin yatsa ɗaya kawai.

Lailatu ta yi kuskuren biyowa ta gida.

"Tsohuwar kasuwa?" Munzali ya dafe ƙirji. "Ina zaune a gidan nan, da allona a ƙofa, za ki ɗauki kayan danginku ki kai wa bare? Me mutane za su ce?"

"Baban Farida, amana ce aka ba ni."

"To ni ɓarawo ne?"

"Ban ce ba. Agogon Baba ma ban ce kai ɓarawo ne ba, har yau dai bai tashi ba."

"Agogo daban, azurfa daban. Wannan aikin ina ido rufe zan yi shi."

Ya yi ta yi, ya yi fushi, ya ƙi cin tuwo, ya ce dama ya san ba a ɗauke shi bakin komai ba a dangin nan. Lailatu mace ce mai tausayi, tausayin ne kuma ya cuce ta. Ta miƙa masa ƙyallen tana cewa, "Yatsa ɗaya. Don Allah kada ka ƙara komai." Washegari ta wuce gidan jego, inda take wuni kullum har zuwa suna.

Munzali ya zauna ya juya awarwaro a hannu, sai ya ga abin ya yi masa ƙanƙanta. Buɗe awarwaro ai aikin ɗan koyo ne. Ranar suna matan Bosso da Tudun Fulani da Kpakungu duk za su hallara. In suka ga sabon awarwaro na zamani, mai siffar wayar salula a tsakiya tunda ita ake yayi, wa zai ƙara kallon zanen ganye? Daga nan sai layi a ƙofar shago, sai reshe a Abuja, sai Dubai ɗin da Ndako ke yi wa dariya. Ya yanke shawara zai narke shi ya sake zubi.

Ya tuna maƙeran Bida ba sa narka azurfar mutane a ɓoye, a gaban idon jama'a suke yi don kada a ce sun yi ha'inci. Wannan kam ya yi masa daɗi, don ba abin da yake so kamar 'yan kallo. Ya jera benci a ƙofar shago, ya kira Ndako, ya kira Irimiya mai cajin batir, ya kira duk wanda ya ga yana wucewa. An yi ruwa da safe, ƙasa da danshi, kajin da Lailatu ke kiwo tun farkon cikin Na'ima don gudummawar suna suna ta tono a gefe.

Ndako ya ga kurfin yanka ƙarfe a hannunsa, ya ce, "Injiniya, na ji matarka ya ce ka buda shi kadan. Kai kuma dafa shi za ka yi?"

"Mata ba su san ƙira ba."

Ya ɗora kurfi ya buga. Awarwaro ya rabu biyu, ɓari ɗaya ya faɗi kan dutse ya yi amon nan siriri, har masu surutu suka yi shiru. Gaban Munzali ya faɗi, gaskiya ya faɗi, amma ido ya riga ya yi yawa a kansa. Ya tsince ɓarin ya jefa a kasko.

Ya ce zugazugi kayan mutanen da ne, don haka ya aro dirayar busar gashi daga salun ɗin Kafayatu. Ya kunna, gawayi ya yi ja, jama'a suka fara gyaɗa kai. Azurfa ta fara laushi ke nan NEPA suka ɗauke wuta. Aka aika da gudu aka ɗauko famfon taya, Irimiya ya hau bugawa yana zufa, Munzali yana tsaye yana ba da umarni kamar mai tuƙa jirgi.

Ana cikin haka ya fito da mazubin da ya yi tun safe. Ya murza kakin zuma ya yi siffar awarwaro, ya lulluɓe shi da laka ya bar 'yar ƙofa a sama. Ndako ya miƙa hannu ya taɓa.

"Wannan abu da sanyi fa. A garinmu kashin jaki suke kwaba laka da shi, su bar shi ya bushe kamas, su gasa shi kakin ya fita, kafin su zuba."

"Kashin jaki? A azurfar surukaina? Ƙazantar nan ce ta hana ku ci gaba. Ni siminti na sa."

"Ya bushe?"

"Siminti ba ya jiran rana."

Ndako ya ɗauki kujerarsa ya koma can bakin shagonsa.

Munzali ya kama kasko da awartaki, ya ce kowa ya buɗe ido ya ga abin da ba a taɓa yi a Minna ba, ya karkata. Nan kam bai yi ƙarya ba. Narkakkiyar azurfa na haɗuwa da jiƙaƙƙiyar laka sai mazubi ya yi fus, ya yi tau, ya tarwatse. Azurfa ta yi tsartuwa ko'ina. Benci ya kife da mutanen da ke kai, Irimiya ya yar da famfo ya tsallake kwata, wani mai rake da ya tsaya kallo ya bar baronsa ya ruga. Hular Munzali ta kama hayaƙi, gefen gemunsa ya ƙone, ya tsoma hannu cikin bokiti yana salati.

Kafin ya gama jinyar hannu, azurfar ta huce a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ta zama 'yan ƙwayoyi masu ƙyalli kamar an watsa dawa. Kajin Lailatu kuwa ba su san gado ba, abin da suka sani shi ne in an watsa abu a ƙofar gida nasu ne. Suka yo ca. Munzali ya ɗago kai ya ga jan zakara yana haɗiye gadon Inna yana miƙa wuya.

Ya bi su da gudu, ya faɗi, ya tashi, ya sake faɗi. Da ya gama rarrafe yana tsince abin da ya rage, ya zuba a tafin hannu, ko rabi bai kai ba.

"Aiki ya yi kyau, Injiniya," in ji Ndako daga nesa. "Wannan na Bida ne ko na Dubai?"

Munzali ya kame kajin kaf ya kulle su a shago. Lissafinsa mai sauƙi ne, abin da ya shiga dole ya fito. Ya ɗura musu man ja, ya ɗura musu ruwan tsamiya, ya ɗauko rariyar tankaɗen Lailatu ya zauna yana tace abin da suka yi. Shago ya ɗauki wari har Ndako ya daina buɗe tagarsa. Ya dai leƙo sau ɗaya, hanci a toshe.

"Kashin jaki ka ce kazanta ne. Na kaza fa?"

"Bincike nake yi."

"Allah ya ba da sa'a. Ka samu?"

Bai samu ba. Kaza in ta haɗiyi abu mai nauyi a ƙundu yake zama, wannan ko Farida ta sani. Shi kaɗai ne bai sani ba, ya yi ta tata.

Lailatu takan dawo da yamma a gajiye. Unguwa duk ta san abin da ya faru, amma ba wanda ya gaya mata, wasu don tausayi, yawanci don suna son su ga ƙarshen wasan.

"Baban Farida, ina awarwaron?"

"Yana hutawa. Azurfa ba a yi mata gaggawa."

"Me ya sami gemunka?"

"Sabon aski ne."

"Kajina kuma me suke yi a shago?"

"Muzuru ya addabi unguwa. Ni ma dai tunani nake, mu yanka su tun yanzu mu huta. Ni zan gyara miki su da kaina, ba sai kin taɓa ba."

Ta dube shi sama da ƙasa. Mutumin da ko kofin da ya sha ruwa bai taɓa ɗaurayewa ba, yau shi zai fige kaji.

"Kazar suna a gidan suna ake yanka ta," ta ce. "So kake a ce na kawo musu kwantai?"

Ana gobe suna ta cusa su cikin kwando, ta ɗaure a bayan ɗan acaɓa. Munzali yana tsaye a ƙofa yana kallon fiye da rabin gadon surukansa ya hau babur ya nufi Tudun Fulani yana kuka.

Da ya ga ba sarki sai Allah, ya lallaɓa shagon Irimiya, inda tsofaffin batura ke jibge. Ya tsinci wani guntun ƙarfe mai toka-toka, mai nauyi.

"Wannan dalma ne fa, Injiniya," in ji Irimiya. "Ba azurfa ba."

"Launinsu ɗaya. In suka haɗu a wuta wa zai raba su?"

"Ni dai ban ba ka ba. Kai ka dauka."

Wannan karon bai jera benci ba. Ya ja ƙofa, ya sassaƙa zagaye a jikin busasshen bulo, ya narka ragowar azurfa da dalma ya zuba. Abu ya fito, zagaye dai zagaye ne, sai dai siffar wayar salular ta fito kamar ƙatuwar kaska. Ya goge shi da toka, ya bi da makilin, ya yi ta dirza har ya ɗauki ƙyalli. Yana ganin ƙyallin nan tsoro ya gudu, tsohon hali ya dawo. Ya riƙe shi a haske yana cewa a ransa, ashe ma abin alheri ne ya faru.

Ranar suna, bayan an raɗa wa yarinya suna da safe, da la'asar mata suka cika tsakar gida. Suruki mai kunya aikowa zai yi da saƙo. Munzali da kansa ya zo, da babbar riga da sabuwar hula, da allon shagonsa a hammata. Ya jingine allon inda kowa zai gani. Ndako da Irimiya suka biyo shi suka tsaya a bakin zaure, sun ce barka suka zo yi.

Gwaggo Barira tana zaune kan tabarma kusa da dutsen niƙa, Na'ima a gefenta da jaririya a cinya, Lailatu tana tsaye bayansu. Munzali ya durƙusa ya gaishe ta, ya miƙe ya yi gyaran murya. Ya ce yau Allah ya kawo ƙarshen zuwa Bida. Ya ce abin da za su gani yanzu ko matan gwamnoni ba su da irinsa. Ya ce mai so ta yi magana da wuri, don mako mai zuwa ba lalle a same shi a gari ba. Gwaggo ta bar shi ya yi har ya gaji, sannan ta miƙa hannu.

Ta warware ƙyallen. Lailatu ta leƙa, sai ta dafa bango.

"Ya yi nauyi," in ji Gwaggo.

"Albarka ce ta ƙaru, Gwaggo."

"Ina zanen ganyen?"

"Ya tsufa. An daina yayinsa."

"Wannan ƙullutun fa?"

"Wayar salula ce. Sabuwar fitowa."

Wata tsohuwa a baya ta ce ita dai kaska take gani, aka ce ta yi shiru.

Gwaggo ta ce da Na'ima ta juyo da kunnen yarinya. Gida ya yi tsit, mai guɗa ta riga ta kama hanci tana jira. Gwaggo ta ɗaga awarwaro bisa dutse ta sake shi.

Ya yi tiɓ, kamar an yar da curin tuwo, ya rabu uku.

Mai guɗa ta sauke hannu.

"Dutsen ne," in ji Munzali da sauri. "Dutsen nan ya yi tauri da yawa. Kuma na zamani dama ba ya ƙara, saboda kada ya firgita jarirai. A Dubai..."

"Zauna, Munzali."

Ya zauna. Gwaggo ta jawo bakin mayafinta ta kwance wani ƙulli, ta juye a tafin hannu. 'Yan ƙwayoyi ne farare tas, suna ƙyalli.

"Da safe masu gyaran kaji suka kawo mini wannan," ta ce. "Kowace kaza aka tsaga ƙundunta sai a tarar da shi. Na shekara sittin ina cin kaza ban taɓa ganin mai azurfa a ciki ba, sai na Lailatu. Tun lokacin na san abin da za ka kawo mini. Na dai so in ji ta bakinka, ko za ka faɗi gaskiya. Sai ka zo da allo."

Ta ɗauki ƙwaya mafi girma ta saki a kan dutse. Ta yi ɗan amo, ƙanƙane, wanda in ba don shirun da aka yi ba da ba mai ji.

"Kin ji, 'yar nan?" ta ce da jaririyar. "Abin da ya rage na muryar Inna ke nan."

Nan dariyar da ke cin matan gidan ta koma ciki. Na'ima ta dubi hannunta, ita ce ta farko a dangi da za ta gama suna ba komai a wuyan hannu. Lailatu ta durƙusa gaban Gwaggo, hawaye na zuba, ta ce, "Ni na ba shi, Gwaggo. Laifina ne."

"Na sani. Ke na aika, ba shi ba."

Iyakar abin da ta ce da ita ke nan, kuma da ta zage ta da ya fi mata sauƙi.

Da wani mutum ne, a nan zai sunkuyar da kai ya nemi gafara. Munzali kuwa ya ga shiru ya yi yawa, shi kuma ba ya jure shiru.

"To ai alhamdu lillahi, Gwaggo, ba a yi asara ba," ya ce. "Azurfar ba ta fita daga dangi ba. Ku ba ni ita da gutsattsarin nan, zuwa jibi..."

Gwaggo ta ƙulle mayafinta tamau. Ta ce gobe da ƙafarta za ta tsohuwar kasuwa, in ya isa a yi wa jaririya ɗan ƙarami, to. Sannan ta juya wajen masu rabon abinci.

"Ku kawo wa surukina nasa. Ƙundun kajin nan duka, na ce a ware masa. A nan zai ci. Ya tauna a hankali, ya duba mana ko da saura."

Aka dire masa kwano a gaban matan da suka cika tsakar gida, ƙundu zalla. Ya duba zaure ko zai sami mai ceto, ya ga Ndako ya riga ya sami kujera. Ba yadda zai yi, ya sa hannu. Ya ci na farko, ya ci na biyu, gida duk ana kallon bakinsa. Ya fara samun natsuwa har ya buɗe baki zai ce naman bai ji gishiri ba, sai aka ji ƙas. Ya dafe kunci, ido ya kawo ruwa.

"Injiniya ya samu," in ji Ndako daga zaure.

Gwaggo ta tura masa murfin kwano da ƙafa.

"Tofo ta nan. Haƙorin naka ne, ka riƙe abinka."

Abu biyu suka faɗo a murfin, ta tsince nata ta bar masa nasa. Sai a lokacin mai guɗa ta rangaɗa guɗar da ta riƙe tun ɗazu, gida ya kece da dariya har da masu hawaye.

Lailatu ba ta yi dariya ba. Da za su tafi ita ta ɗauki allon, Munzali na biye da kumburarren kunci yana murna a ransa, wai ko banza matarsa ba ta yar da sana'arsa ba. Suna isa gida ta wuce shago ba ta ko kalle shi ba, ta nufi bayan ɗaki da guduma da ƙusoshi. Dama akurkin kajinta ba shi da ƙofa. In ka bi ta Fadikpe ka leƙa, allon yana nan har yau da jan fentinsa, sababbin kaji na shiga suna fita a ƙarƙashin BIDA DA DUBAI.